Yadda ake gane shekarun wuƙar sojojin kundumbalan Birtaniya

Cikin wuƙaƙen yaƙi na Turai da masu tara kayan tarihi ke nema, da wuya a sami wadda ta kai Fairbairn-Sykes farin jini. Da wuya kuma a sami wadda aka fi yin jabunta.

Wuƙa ce siririya mai kaifi biyu, tsawon ruwanta kusan inci 7. Ta samo sunanta ne daga William Fairbairn da Eric Sykes, waɗanda suka yi aiki da rundunar 'yan sandan birnin Shanghai na China kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Wilkinson Sword na London ne ya fara ƙera ta a 1941 domin sojojin kundumbalan Birtaniya.

Masana kan raba ta gida uku, kuma ƙota da ƙarfen da ke kare hannu, wanda ke tsakanin ƙotar da ruwan wuƙar, su ne ke fara tona shekarunta.

Samfurin farko

A samfurin farko, ƙarfen kare hannun a lanƙwashe yake kamar harafin S. A gindin ruwan wuƙar akwai wani ɗan fili shafaffe marar kaifi, inda aka zana sunan kamfanin a gefe guda, da haruffan F-S a ɗaya gefen. Ƙotar ta tagulla ce mai kaushi domin kada ta suɓuce.

Watanni kaɗan aka yi ana ƙera shi, shi ya sa ya fi tsada, kuma shi 'yan damfara suka fi kwaikwayo.

Kafin ƙarshen 1941 aka fito da samfuri na biyu: ƙarfen kare hannu ya miƙe, shafaffen filin nan ya ɓace, amma ƙotar mai kaushi ta ci gaba.

Na uku, wanda ya bayyana a 1943, shi ne mafi yawa. An daina tagulla aka koma zubin tutiya, ƙotar kuma ta zama mai zobba 27. A nan ne aikin ke da wuya, domin maƙeran birnin Sheffield sun ci gaba da yin wannan samfuri bayan yaƙi har zuwa yau. Abin da akan duba shi ne wata 'yar lamba, daga 1 zuwa 4, kusa da ƙarshen ƙotar, wadda ke nuna mazubin da aka yi amfani da shi a lokacin yaƙin.

Hatimi

Alamar kan kibiya na nufin wuƙar ta taɓa zama mallakar gwamnatin Birtaniya. Sai dai buga hatimi a kan ƙarfe ba shi da wuya, saboda haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Sai ya dace da siffar wuƙar da irin tsufanta.

Kalmar ENGLAND kuwa takan ruɗi sababbin shiga, su ɗauka sabuwar ƙira ce. Sau da yawa ragowar kayan yaƙi ne da aka sayar zuwa Amurka bayan 1945, inda doka ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito. Kenan hatimin na iya zama na bayan yaƙi, alhali wuƙar ta girme shi.

Goge tsohuwar wuƙa har ta yi ƙyalli na share baƙin launin da aka yi wa da yawa daga cikinsu tun a maƙera, tare da rubutun da ke kan ruwanta, abin da kan karya farashinta a wurin gwanjo.