Tarihin gizo-gizon Google, da abin da ya sa bai san Watari ba

 Kafin ka ci gaba da karatu, buɗe Google a wayarka ka rubuta kalma ɗaya tak: Watari. Abin da zai fi cika maka fuska shi ne wani gari na lardin Miyagi a ƙasar Japan, sai kuma wani dattijo na cikin labarin zane na Japan mai suna Death Note. Namu Watarin na ƙaramar hukumar Bagwai, mai madatsar ruwan da manoman rani ke cin abinci da ita, sai ka ƙara Kano a gaba kafin ya leƙo. Mutanen Japan sun rubuta nasu a inda injin bincike zai iya karantawa, mu kuwa namu yana cikin saƙon murya. Bari mu koma baya ka ga yadda abin ya faro.

A farkon shekarun 1990 shafukan intanet ba su da yawa, har mutane kan zauna su jera sunayensu da hannu, kamar yadda Yahoo ta fara a 1994. Da suka yi yawa sai aka ƙirƙiri wata manhaja mai yawo da kanta: ta shiga shafi, ta karanta rubutun, ta bi duk mahaɗin da ta gani zuwa wani shafin. Turawa suka sa mata suna gizo-gizo, sunan da ya yi daidai da yanar gizon da muke faɗa. Amma gizo-gizon farko ba shi da ladabi. Yakan afka wa kwamfutar da ke ɗauke da shafi da buƙatu bi da bi har ta sume. Wannan ya sa a 1994 wani injiniya, Martijn Koster, ya kawo shawarar mai shafi ya ajiye ɗan fayil mai suna robots.txt a bakin ƙofa, ya rubuta ɗakin da baƙo zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Kamar zaure ne a gidan Bahaushe. Abin mamaki, yarjejeniyar fatar baki ce aka yi ta bi shekara 28, sai a 2022 aka mayar da ita ƙa'ida a rubuce.

To a nan mutanenmu ke yawan cin tuntuɓe. Yaro ya haɗa maka shafi, lokacin gwaji ya rufe ƙofar da layi ɗaya a cikin wannan fayil, ko ya danna akwatin WordPress mai cewa kada injin bincike ya shigo, ya karɓi kuɗinsa ya tafi bai buɗe ba. Kai kana ta biyan kuɗin shekara, Google kuwa yana tsaye a waje saboda kai ka ce kada ya shigo.

Injuna irin su AltaVista, da ta fito a ƙarshen 1995, sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafi, sai masu wayo suka riƙa cusa kalma ɗaya sau ɗari don su hau sama. Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai a jami'ar Stanford ta Amurka, suka zo da wata dabara kafin su kafa Google a 1998: a auna shafi da yawan shafukan da ke nuno shi, da kuma darajar masu nunin. Shaidar mutumin kirki ɗaya ta fi ta 'yan tasha goma, ka gane ai. Cusa kalmomi ya mutu tun tuni, har Google ta fito a 2009 ta ce ba ta duba jerin kalmomin da ake ɓoyewa a kan shafi. Duk wanda ya karɓi kuɗinka don wannan aikin a yau, wallahi iska ya sayar maka.

A 2005 Google ta kawo taswirar shafi, wato sitemap.xml, inda za ka jera duk adireshin shafukanka, Yahoo da Microsoft suka amince da ita a 2006. Daga 21 ga Afrilu 2015 kuma ta fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya, daga baya ma ta koma duba fuskar waya tukuna kafin ta kwamfuta. Wannan canjin tamkar don mu aka yi shi, don tun da GSM ta shigo Najeriya a 2001 yawancinmu ta waya muka san intanet. Dillalin tumatir a Bichi da ke lallaɓa datarsa ba zai jira hoto mai nauyi ya gama buɗewa ba.

Yanzu dubi yadda muke ajiye bayananmu. Ƙungiyar manoma za ta sanar da farashin albasa ko ranar sakin ruwa, sai a haɗa hoto mai ado a tura WhatsApp. Gizo-gizo ba ya shiga WhatsApp, ba ya shiga rufaffen zauren Facebook, rubutun da aka manna a jikin hoto kuma ba abin dogaro ba ne a wurinsa. Abin da ya fi ganewa tun 1994 har gobe shi ne rubutu zalla da mahaɗi. Sannan ga matsalar da ta keɓanta da mu: ɓarawo, b'arawo, barawo. Shekarun da wayoyi ba su da ɓ, ɗ da ƙ sun bar mana rubutu kashi uku, mai nema kuma galibi ba ya sa lanƙwasa. Ni a ganina ka rubuta Hausarka daidai a cikin bayani, amma adireshin shafin ka bar shi da haruffa marasa lanƙwasa.

In kana da shafi, ga gwajin minti ɗaya: rubuta site: a Google, ka liƙa adireshinka ba tare da tazara ba. In bai nuna komai ba, ƙara /robots.txt a ƙarshen adireshin ka duba ko akwai layin Disallow: / shi kaɗai. Goge shi, ka yi rajista a Google Search Console kyauta, ka miƙa taswirarka. Taken shafin farko kuma kada ya tsaya a "Barka da zuwa". Rubuta abin da kake yi da inda kake: shinkafa da albasa, Watari, Bagwai, jihar Kano.