Tashar Lantarki ta Hasken Rana a Kankiya: Inda Aka Kwana

A watan Yulin 2016, NBET, kamfanin gwamnatin tarayya mai sarin wutar lantarki, ya rattaba hannu kan yarjejeniya da kamfanoni 14 domin samar da megawat 1,125 daga hasken rana. Cikinsu akwai Pan Africa Solar, wanda ya tsara gina tasha mai megawat 75 a Kankiya kan kimanin dala miliyan 146.

An daidaita farashi kan santi 11.5 na dalar Amurka ga kowane kilowat na awa guda. Daga bisani gwamnati ta ce ya yi tsada, ta nemi a rage shi zuwa santi 7.5, sannan ta yi jinkirin ba da lamunin da bankuna ke jira kafin su saki kuɗi. Daga nan aikin ya tsaya cik.

Bankunan na da dalili. NBET na biyan masu samar da wuta ne daga abin da kamfanonin rarrabawa suka tura masa, su kuwa ba sa biya cikakke. Darasin shi ne, sabuwar fasaha ba ta jawo jari sai an tabbatar da wanda zai saya ya kuma biya.

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon kafa kasuwarsu ta wuta. Don haka masu walda da masu injin niƙa a Kankiya da Kusada, waɗanda man janareto ke cinye ribarsu, na da hurumin neman amsa daga gwamnatin Katsina.