Fararen Hanyoyin Siena: Gadon da Talauci Ya Bar wa Keke

Duk watan Maris, idan kakar tseren kekuna ta kankama a Turai, idon masu kallo yakan koma lardin Siena da ke yankin Tuskani na ƙasar Italiya, inda mahaya ke ratsa gonakin inabi a kan wasu hanyoyi marasa kwalta da 'yan ƙasar ke kira strade bianche, wato fararen hanyoyi. Burji ne, sai dai ba ja ba ne irin na marmara. Dakakken farin dutse ne aka shimfiɗa aka daɓe, wanda idan rani ya yi sai ya tashi kamar gari ya rufe mutum har gira, idan kuwa ruwa ya sauka sai ya kwaɓe ya riƙe taya. Masu tallar yawon buɗe ido kan ce gadon kakanni ne da aka adana saboda ƙauna. Tarihi bai yarda da su ba. Hanyoyin nan sun tsira ne domin mutanen da ke bin su sun gudu sun bar su, kuma keke ne ya zo a makare ya mai da abin da aka yasar ya zama dukiya.

Babu musu, wasu daga cikinsu sun daɗe. Babbar hanyar masu ziyarar ibada daga arewacin Turai zuwa birnin Rum, wadda ake kira Via Francigena, ta bi ta Siena, kuma wajen shekarar 990 wani babban limamin cocin Canterbury mai suna Sigeric ya rubuta zangunan da ya yada a kanta yana komawa gida. A fadar gwamnatin Siena akwai zanen bango da Ambrogio Lorenzetti ya yi tsakanin 1338 da 1339, inda ake ganin alfadarai da jakuna ɗauke da kaya suna tahowa ta tsakanin gonaki zuwa ƙofar gari. Amma hanyar fatake da matafiya ɗaya ce ko biyu. Ɗaruruwan ƙananan hanyoyin da suka yi wa tuddan nan saƙa, waɗanda su ne mahaya ke nema a yau, wani abu ne daban ya haife su.

Abin nan shi ne mezzadria, noma-mu-raba na Tuskani, wanda ya yi ƙarnoni yana riƙe da karkara. Mai ƙasa, galibi attajiri ne ko basarake da ke zaune a Siena ko Fulorans, yakan yanka filinsa gona-gona, ya gina gidan dutse a tsakiyar kowace, ya zaunar da iyali guda su noma a raba amfanin biyu. Manomi ba ya zama cikin gari, a gonar yake kwana yake tashi, shi da 'ya'yansa da matan 'ya'yansa da jikoki, sama ɗakunan barci, ƙasa turken shanu. A tsakiyar gonakin akwai babban gidan mai ƙasa, inda rumbuna da wurin matsar zaitun da ɗakin ajiye gangunan inabi suke, kuma a nan wakilinsa ke zaune da littafin bashi. Kowace gona dole ta sami hanyar da za ta kai ta wannan gida, domin ta nan ake kai kason maigida, a kan amalanke da fararen shanun nan na Chianina ke ja. Ta nan kuma ake kai ƙwai da kaji na gaisuwa, waɗanda yarjejeniya ta wajabta, ba don ra'ayi ba. Wa'adin zama shekara-shekara ne, wakili yana iya sallamar iyali idan bai gamsu ba, kuma a wurare da yawa ko aure ɗan gidan zai yi sai an nemi yardar mai ƙasa. Saboda haka idan aka duba taswirar waɗannan hanyoyi, yadda suke kan hau doron tudu su yi kwana su tsaya a ƙofar wani gida tilo, taswirar biyan kaso ake dubawa. An yi su daidai da takun sa, shi ya sa hawansu ke zuwa ba sallama, gajere amma a tsaye, abin da injiniyan mota ba zai taɓa zanawa ba, kuma abin da mai tseren keke ke so.

Inabi kuwa, duk da sunan da ya yi, ɗaya ne daga cikin amfanin gona a wancan zamani. A 1716 mai mulkin Tuskani, Cosimo na Uku, ya shata iyakar ƙasar da giyarta ta cancanci sunan Chianti. A 1872 Bettino Ricasoli, wanda ya taɓa zama firaministan Italiya, ya tsara a gidansa na Brolio yadda za a haɗa irin inabin Sangiovese da wasu iri biyu. A 1924 masu yin giyar suka kafa ƙungiya da tambarin baƙin zakara. Duk da haka manomi yana dasa inabinsa ne layi-layi tsakanin alkama da zaitun, domin cikin iyalinsa ya fi ganga muhimmanci. Tuddan da aka lulluɓe da inabi zalla, waɗanda ake gani a hotuna, sababbi ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsarin ya rushe da saurin da ba wanda ya zata. Masana'antu suka buɗe a birane, matasa suka ga albashi da lantarki da ruwan famfo, suka ƙi zama ƙarƙashin wakili. Sanyin watan Fabrairun 1956 ya kashe itatuwan zaitun masu yawa, ya ƙara wa Barno dawaki. A 1964 majalisa ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar noma-mu-raba, ta ɗaga kason manomi zuwa kashi 58 cikin ɗari, amma a lokacin gidaje da yawa sun riga sun zama kufai. A wannan shekarar ce kuma aka kammala babban titin da ya haɗa Milan da Naples, lokacin da Italiya ke malala kwalta ko'ina. To kwalta a kowace ƙasa ƙuri'a take bi. Hanyar da ke kai wa gidan da rufinsa ya rufta ba ta da mai zuwa ofishin ƙaramar hukuma ya yi mata kuka, sai aka tsallake ta. A ƙasar yumɓun da ke kudu da Siena ma, makiyaya ne daga tsibirin Sardiniya suka zo da tumakinsu suka gaji wasu gonakin. Ba hikima ce ta cece hanyoyin ba, rashin mai nema ne.

Wannan kariyar ba mai ɗorewa ba ce, domin da kuɗi suka dawo, Turawan Ingila da Jamus suka fara sayen kufayen suna gyarawa, farashin giyar Chianti da ta Montalcino ya tashi, sai kwalta ta soma cin hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. A nan ne Giancarlo Brocci, mutumin garin Gaiole, ya shigo. A 1997 ya shirya wani hawa da ya kira L'Eroica, mutum 92 suka fita, kuma ya faɗa ƙarara cewa yana son a tuna da tseren zamanin gwanayen keke Bartali da Coppi, a kuma hana shafe fararen hanyoyi. Doka ita ce a zo da tsohon keken ƙarfe irin na kafin 1987, mai wayoyin birki a waje da madaurin ƙafa a feda. Masu doguwar hanya, wadda ta haura kilomita 200, kan tashi tun kafin asuba, su hau tudun Brolio cikin duhu ana haska musu gefen hanya da 'yan fitilu, a zango kuma a ba su miyar wake da burodi irin ta manoman da. Yau dubbai ke zuwa kowane Oktoba. A 2007 aka haifi tseren ƙwararru daga cikinsa, wanda a yau ake yi a watan Maris, Fabian Cancellara ya ci shi a 2008 da 2012 da 2016, aka ƙara na mata a 2015. A 2010 gasar Giro d'Italia ta bi ta hanyoyin zuwa Montalcino cikin ruwa, Cadel Evans ya iso farko taɓo ya rufe masa fuska, duniya ta gani.

Wani zai ce ana zuzuta keke ne kawai, arzikin inabi ne ya raya yankin. Gaskiya ne shi ya raya gidaje da gonaki, amma ba shi da dalilin son burji. Mai gonar inabi yana da manyan motoci da ke ɗaukar kwalabe, yana da baƙi masu motocin haya da ba sa son tsakuwa ta fasa musu gilashi, kuma ƙura ba ta yi wa 'ya'yan inabi wani amfani. Da an bar wa lissafinsa, da kwalta ta gama aikinta. Abin da hawan keke ya yi shi ne ya sa rashin kwaltar kansa ya zama abin sayarwa, har mai masauki da mai gidan abinci suka sami dalilin kare shi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba a gama amsa shi ba. Tsohuwar da ke zaune a ƙarshen hanya, wadda motar asibiti za ta yi ta tangal-tangal kafin ta iso gare ta, ba ta ga abin sha'awa a ƙura ba, kuma akwai ɗan rashin kunya a ce baƙo ya biya kuɗi ya sa rigar ulu yana kwaikwayon wahalar da kakanninta suka guje wa. Wannan magana tana da haƙƙi. Abin da za a iya cewa shi ne manyan hanyoyin da ke haɗa garuruwa sun daɗe da samun kwalta, gardamar a kan ƙanana ce, kuma burji ba ya zama lafiya da kansa: sai an bi shi da gireda, an zuba sabuwar tsakuwa, an yashe magudanai bayan kowace damina. A da manomi ne ke wannan aiki da guminsa. Yanzu da hanyar ta zama jari, adalci shi ne masu cin ribarta su ɗauki nauyin gyaranta, kuma inda rai ya dogara da kwalta a zuba ta ko masu hoto sun ji haushi.

A kan hanyar Monte Sante Marie, mai tsawon kilomita 11 da rabi kusa da Asciano, inda Tadej Pogačar ya tsere wa kowa a tseren ƙwararru na 2024 saura kilomita 81 a kai ƙarshe, an kafa dutse ɗauke da sunan Cancellara saboda nasarorinsa uku. Cancellara mutumin Suwizalan ne, kuma lokacin da yake tsere sau ɗaya a shekara yakan bi hanyar.