Hawan Sallah a Maraɗi da Tsibiri

Hawan Sallah biki ne da fadar Maraɗi da ta Tsibirin Gobir ke yi a ƙaramar Sallah da ta Layya, inda sarki ke fita idi bisa doki, ya komo gida tare da sarakunansa ana kiɗa ana busa. Asalinsa na ƴan gudun hijira ne.

Mayaƙan jihadi sun ci birnin Katsina a 1807, Alƙalawa ta Gobir kuma ta faɗi a 1808. Jinin sarautar Katsina suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon mulki a bakin Gulbin Maraɗi wajen 1819. Gobirawa sun zo daga baya: bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi suka kwanta dama, sarkinsu Mayaƙi ya kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi. Ba su baro sarauta a baya ba. Har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai Maraɗi, kuma yana da Ƙaura, Galadima, Durbi da Ƴandaka, kamar yadda aka saba a tsohon birnin Katsina.

Ranar hawa ake ganin wannan da ido. Tambari na gaba, kakaki da algaita na amsawa, maroƙa na jero sunayen sarakunan da suka shuɗe, irin su Ɗan Baskore wanda ya sha kai wa Katsina hari. Mahaya su sako dawaki a guje, su ja linzami daf da sarki, hannu a sama, ƙura ta turnuƙe. A gidaje kuwa tuwo ne da nama da fura, ga kwaɗon zogale, wanda lambunan Jiratawa suka yi suna a kansa.

  

Ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, aka tashi aka koma tudu. Fada ta koma can, hawa ma ya bi ta.