Rumfunan Lambu na Bakin Gulbin Maradi

Tsohon birnin Maradi a cikin kwari yake, a gefen gulbi. Nan Katsinawa suka sauka bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina, nan kuma Sarkin Katsina Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsa a farkon ƙarni na 19. Abin da ya riƙe mutane a wurin shi ne fadama. Gulbi yakan cika da damina ya malala, idan ya janye sai ya bar laka mai albarka da ruwa kusa da ƙasa. Da rani manoma su haƙa rijiya, su kafa jigo, su shuka taba da albasa da rogo da lalle.

Duk lambun da ya amsa sunansa yana da rumfa. Gininta ba wuya: dirkoki huɗu ko shida, a gitta itace, a rufe da karan dawa ko zana. A ƙarƙashinta mai lambu ke hutawa idan rana ta take, ya ci fura, ya yi sallar azahar, ya kuma sa ido kan awaki da tsuntsaye. A nan ake tara kaya kafin ranar kasuwa, a nan dillali ke zuwa ya taya. Saɓani kan iyaka ko kan rijiya sau da yawa dattawa kan kashe shi a inuwarta tun bai kai fada ba.

A shekarar 1945 ambaliya ta ci tsohon gari. Hukumar Faransa ta mai da jama'a bisa tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu, unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci suka hau da sunayensu. Gidaje da fada da kasuwa duk sun tashi, amma lambuna da rumfunansu suka tsaya a kwari. Su ne suka rage wa Maradawa a mazaunin kakanninsu.

Tun da aka gina madatsar Jibiya a Najeriya, ruwan gulbi ya ragu, injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo. Rumfa kuwa ba ta daɗewa sai da mai gyara: gara na cin dirka, iska na yaye zana. Tana tsaye ne muddin magada ba su sayar da lambu ba. Allah ya ja zamanin Sarki, ya raya fadamar Maradi.