Maganar Hannu: Harshen da Ya Riga Makaranta Zuwa Kano

Tun kafin a gina makarantar kurame ko guda a ƙasar Hausa, kuramen Kano suna da harshensu, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. A zaure da dandali da bakin kasuwa ya girma, manya na koya wa na baya. Kamar yadda makafi da kutare suke da sarakunansu a tsarin gargajiya, su ma suna da Sarkin Bebaye mai wakiltarsu. A 1880, wani taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya ya yanke shawarar a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara furuci da karanta leɓe. A Kano kuwa babu wanda ya ɗaure wa kurma hannu.

Yawancin waɗanda muke kira bebaye, harshensu da maƙogwaronsu lafiya ƙalau suke. Matsalar a kunne take. Da kunne yaro yake tsintar magana, ya ji, ya kwaikwaya, ya gyara. Idan an haife shi ba ya ji, ko ƙyanda ko sanƙarau ta kashe masa kunne kafin bakinsa ya buɗe, ba shi da abin kwaikwayo. Shi ya sa wanda ya kurumce da girmansa yake ci gaba da magana. Mu kuwa a yankin sanƙarau muke zaune. Annobar 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, ta bar wasu da dama da kurumta.

A unguwarmu akwai wani kurma mai wankin hula. Ka miƙa masa hula, ka nuna bakin da ya yi dauɗa, sai ya ɗaga yatsu ya yanke kuɗi. Ka rage yatsa ɗaya, ya kaɗa kai, wato albarka. In kun daidaita, ya kwantar da kunci a tafin hannu, ya ɗaga yatsu biyu: kwana biyu ka dawo. Mai shayi da mahauci da mu yara duk mun iya gwargwadon abin da za a yi ciniki, a yi gaisuwa, har a yi tsokana. Amma in 'yan'uwansa suka zo hira da yamma, hannu da fuska da kafaɗa suka kama aiki da sauri, a nan muke zama 'yan kallo.

Karatun boko ya iso wa kurame ta wata hanya dabam. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda sanƙarau ta kurumtar yana ɗan shekara 11, ya kammala kwalejin kurame ta Gallaudet a 1954. Ya buɗe makaranta a Accra a 1957, sannan a Ibadan a 1960, kuma da maganar hannu ta Amurka yake koyarwa. Malaman da suka fito daga wannan tushe su suka yaɗa ta a ƙasar nan. Da aka buɗe makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano a 1977, maganar hannu ta Amurka ce ta shiga aji.

Alherin makaranta ba ya musantuwa, domin ta samar da kurame masu karatu da rubutu, har da malamai da ma'aikata. Sai dai ta zo da rabuwar kai. Ɗalibi ya dawo hutu yana jera haruffan Turanci da yatsu, uwarsa na kallo ba ta gane ba, shi kuma ya fara ganin maganar dattawa a matsayin ta marasa ilimi. Bajamushiya Constanze Schmaling, wadda ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafinta Maganar Hannu a 2000, ta nuna cewa maganar hannun gida harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa.

Kirana ga hukumomin ilimi shi ne a ba maganar hannu ta gida gurbi a aji, kafaɗa da kafaɗa da ta makaranta. Iyaye kuma, in jariri ba ya firgita da ƙara, ko yaro ya kai shekara biyu babu kalma a bakinsa, a daina cewa nauyin baki ne. A kai shi asibiti a auna jinsa, a kuma fara yi masa magana da hannu tun yana ƙarami.