Sun Nufi Kano, Suka Tsaya a Girku

Ranar 4 ga watan Disamba, 1893, jirgin ruwa ya sauke waɗansu samari uku a Ikko. Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada suka taso, Thomas Kent kuwa daga Amurka. Babu wanda ya kai shekara talatin a cikinsu; Bingham ma bai cika ashirin da ɗaya ba. Nufinsu shi ne su kai bisharar Almasihu can cikin ƙasar da Turawan zamanin suke kira Sudan. Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar Sudan ta yau ake nufi. Suna ne da Larabawa suka laƙaba wa dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara, tun daga Sanagal har kogin Nilu, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiya. Kano suke hange, da abin da ke bayanta har tafkin Chadi.

Ba wata ƙungiyar mishan ce ta aiko su ba. Gowans ya nemi mai ɗaukar nauyin tafiyar a Amurka da Ingila bai samu ba, guzurin da suka sauka da shi kuma bai taka kara ya karya ba. Masu mishan da suka daɗe a Ikko suka yi ta ba su shawara su koma gida. Wani babba a cikinsu ya gaya musu cewa ba za su ga Sudan da idonsu ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai watakila jikokinsu. Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Mutum ne da ya san yawan Turawan da zazzaɓi ya kwantar a bakin teku.

Shekarar da suka zaɓa kuma ba shekarar tafiya ba ce. A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi mubaya'a, yaƙin Basasa ya ɓarke, bai lafa ba sai 1895. A gabas, Rabe ya ci Barno a 1893 ɗin, ya rushe Kukawa. Tsakanin Kwara da Zazzau kuwa mahara na Kwantagora sun hana ƙasar Gwari barci. Wato birnin da samarin suka sa a gaba yana cikin yaƙi, tafkin da suke hange yana hannun mayaƙi, hanyar da za ta kai su kuma cike take da masu kamun bayi.

Tun ba su bar Ikko ba zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Bingham. Aka shirya ya zauna a bakin teku yana karɓar saƙo da kaya, sauran biyun su yi gaba. Gowans ya kutsa har ƙasar Zazzau, ciwo na cinsa, ya faɗa hannun mahara, ya rasa kayansa. Ya rasu a Girku, kudu da birnin Zariya, a watan Nuwamba 1894. Kent, wanda ya koma neman kayan masarufi, ya rasu a Bidda a watan Disamba na wannan shekara. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Bai bar ko da masujada ɗaya ba, bai yi wa kowa baftisma ba. Kaburbura biyu ya bari a baya.

Muna yawan ba da wannan labari a ranar tunawa da masu mishan, mu yi sauri mu tsallake zuwa ga girbin da ya biyo baya. Ya kamata mu ɗan dakata a nan. Bingham da kansa bai ɓoye ba cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Ya tafi yana gaskata cewa Ubangiji zai kiyaye lafiyar waɗanda ya aika, ga shi kuwa mutum biyu da suka fi shi ƙwazo sun mutu. Tambayar da ta dame shi ita ce wadda take damun kowane mai bi da ya yi addu'a kafin ya kama hanya, sa'an nan hanyar ta juya masa baya: ashe ba Allah ne ya kira ni ba? In kuwa shi ne, don me ya bari haka ta faru? Ya ɗauki lokaci yana binciken Littafi Mai Tsarki a kan batun ciwo da warkarwa, har daga baya ya rubuta littafi a kai. Abin da ya gane shi ne, Allah ya yi alkawarin kasancewa tare da bayinsa, amma bai yi musu alkawarin cewa jikinsu ba zai ji abin da jikin sauran 'yan Adam yake ji ba.

Da ya kai wa Margaret Gowans kayan ɗanta a Toranto, ita ce ta ƙarfafa shi. Ta nuna masa cewa ta gwammace ɗanta ya mutu a can cikin biyayya, da a ce yana zaune kusa da ita ya ƙi kiran Ubangiji. Wannan uwa ba ta ga wani amfani da mutuwar ɗanta ta haifar ba a ranar da ta yi maganar. Babu abin da za ta nuna. Ta dogara ga halin Allah ne, tun kafin aikinsa ya bayyana.

A 1900 Bingham ya sāke dawowa da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sāke kwantar da shi a Ikko, likita ya sa aka mai da shi gida, abokan tafiyarsa kuma suka karaya suka bi jirgi na gaba. Wannan karon babu ko kabarin da za a kira na jarumi. Kunya ce kawai, a gaban mutanen da suka tara kuɗin tafiyar.

A wannan shekara ta 1900 wata ƙungiya dabam ta gwada sa'arta. Bishop Herbert Tugwell na CMS ya jagoranci mutum huɗu, cikinsu har da Likita Walter Miller da Claud Dudley Ryder. Su kam sun yi shiri. Waɗansunsu sun zauna a Tarabulus suna koyon Hausa a bakin Hausawan da ke zaune a can, suna da kuɗi, suna da 'yan dako. Suka isa Kano kuwa. Amma Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice daga birninsa. In za a yi adalci, Sarki yana da dalili. A ranar 1 ga Janairu na shekarar Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, sai ga waɗansu Turawa sun shigo gari ba da izini ba. Wane sarki ne zai ɗauke su baƙin alheri? A ganina gaggawa ta shiga cikin himmarsu, kuma ba kowace ƙofa da ta rufe ba ce za mu ce magabci ne ya rufe ta. Suka juyo Zariya, daga nan suka gangara suka zauna a Girku. A nan Ryder ya rasu. Ƙungiyoyi biyu ke nan da ba su yi shawara da juna ba, shekara shida tsakaninsu, dukansu sun nufi Kano, dukansu suka binne mutum a wannan ƙaramin gari.

Wanda ya saba da Ayyukan Manzanni sura 16 zai ga kamar ya taɓa jin labarin. Bulus da Sila da Timoti sun so su yi wa'azi a lardin Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana su. Suka juya za su shiga Bitiniya, nan ma ba a yardar musu ba. Luka bai bayyana yadda hanin ya zo ba, ko ta wurin annabci, ko ciwo, ko rufewar hanya. Suka yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare musu a Taruwasa, bakin teku, a nan ne Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya. Abin lura shi ne, Asiya ba a hana ta har abada ba: daga baya Bulus ya yi fiye da shekara biyu yana koyarwa a Afisa, babban birninta. Bitiniya kuwa, da Bitrus ya rubuta wasiƙarsa ta fari, akwai masu bi a can da ya gaisar. Waɗansu ƙafafu ne suka kai musu.

Sai dai akwai bambanci, kuma bai kamata a rufe shi ba. Bulus ya sami wahayi a Taruwasa, ya san dalilin da aka juya shi. Gowans bai sami wannan ba. Ya mutu a Girku yana ganin tafiyarsa ta lalace. Wurinsa yana cikin mutanen da Ibraniyawa sura 11 ta ambata, waɗanda suka mutu suna hangen alkawari daga nesa, bai kai hannunsu ba. Yawancinmu ma a nan muke. Mota ta lalace a daji, takardar izinin shiga wata ƙasa ta ƙi fitowa, canjin wurin aiki ya kai mutum garin da bai taɓa so ba, shekaru su wuce ba a bayyana masa dalili ba. Hausawa kan ce kana naka, Allah na nasa. Gaskiya ne, amma ba kullum ake nuna wa bawa nasa ɗin ba tun yana da rai.

Tafiya ta uku Bingham bai iya zuwa ba, waɗansu ya aika. A 1902 suka kafa tasha a Fatigi, ƙasar Nufe, a bakin Kwara, nesa ƙwarai da Kano. Cikin shekara biyu mutum ɗaya ne ya rage a cikin huɗun farko, A. W. Banfield. Amma tashar ta tsaya. A wannan lokaci ne Likita Andrew Stirrett ya zo, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani. An riga an gano a 1897 cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓin, Stirrett kuwa ya matsa wa abokan aikinsa su riƙa shan kwinin kowace rana. Mace-mace suka ragu. Ba za a ce waɗanda suka sha magani sun fi na farko ƙarancin bangaskiya ba. Dogara ga Allah ba ta hana mutum koyo daga abin da ya kayar da wanda ya riga shi.

Turawan mulki suka ci Kano a 1903, mutum zai yi tsammani hanya ta buɗe ke nan. Sai ta ƙara rufewa. Gwamnati ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, ta kuwa hana masu mishan shiga yawancin masarautu. Dole suka juya zuwa ga mutanen duwatsu da na kurmi waɗanda ba su cikin shirin farko: Wushishi a 1904, Egbe a 1908, Kwoi a 1910, Kaltungo a 1917, daga baya Kagoro da sauransu. A waɗannan wurare ne ikkilisiya ta yi saiwa. Da yake harsunansu suna da yawa, Hausa ce ta zama harshen wa'azi da waƙa da makarantar Littafi Mai Tsarki. Samarin 1893 sun zo neman Hausawa. Abin da ya fito shi ne taron kabilu masu yawa da suke yi wa Allah sujada da Hausa, su ne kuma suka zama masu bishara da suka koma arewa da ƙafarsu.

Miller, wanda aka kora daga Kano, ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya a 1905. A 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka zo da kansu suna neman ƙarin bayani. Ba shi ya je nemansu ba. A ƙarshen shekarun 1920 aikin ya koma Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Miller da Stirrett suna cikin waɗanda suka yi wahalar fassararsa, wato magadan tafiye-tafiye biyun nan da suka tsaya a Girku sun haɗu a kan aiki ɗaya.

SIM ta ƙetara zuwa Damagaram a 1924, asibitin Galmi ya buɗe a 1950, ikkilisiyoyin da aikin ya haifa a Nijeriya kuma suka haɗu suka zama ECWA a 1954. Sunan Kent yana kan makarantar da ke Miyango, na Bingham yana kan jami'a a Karu da asibitin koyarwa a Jos. Bingham ya rasu a watan Disamba 1942. A 1943 aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano, shekara hamsin bayan saukarsu a Ikko, har yau kuwa mutane suna zuwa can daga Nijar da Chadi da Kamaru a duba musu ido.